Mijina ya ɓoye min gargaɗin 'yan sanda, ga sabunta biza ya taho

Wannan saƙon wata 'yar uwa ce ta turo daga Ingila, na ɗan taƙaita shi kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Anti, ya gida ya ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni a Ingila na girma, ina da fasfon nan, mijina kuma daga gida Najeriya ya zo da bizar aure, yanzu saura wata huɗu bizar ta ƙare mu sabunta, muna da yaro ɗaya ɗan wata goma. Satin da ya wuce ina haɗa takardun da za mu tura, su takardar albashi da ta banki da ta haya, kawai sai na ci karo da wata takarda ta 'yan sanda a ƙasan jakarsa an ninke ta gida huɗu. Ashe wata bakwai da suka wuce ya yi rigima da wani mutum a wajen fakin ɗin mota na kanti, mutumin ya yi ta zaginsa shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya hankaɗe shi, wani ya kira 'yan sanda suka tafi da shi caji ofis. Wai sun ce masa in ya amsa laifinsa ya karɓi koshin, wato gargaɗin 'yan sanda a rubuce, zai koma gida a daren ba zuwa kotu, sun tambaye shi ko yana son lauya ya ce a'a don ya ɗauka kuɗi zai biya, kawai ya sa hannu. Anti ni ranar ce min ya yi an riƙe su a wajen aiki, har abinci na ajiye masa ina tausaya masa. Da na tsare shi da takardar sai ya hau ba ni haƙuri har da hawaye, wai kunya ce da tsoro suka hana shi faɗa. Yanzu wani abokinsa da ya daɗe a ƙasar nan ya ce masa kar ya kuskura ya rubuta a fom, wai koshin ba hukuncin kotu ba ne kuma ranar da aka ba ka ita take gogewa, in ya rubuta shi ya tona wa kansa asiri. Shi ya fi karkata ga maganar abokin, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. A gidan kula da tsofaffi yake aiki. Anti za a hana shi biza? Mu rubuta ko mu yi shiru? Abin zai shafe ni ko yarona? In faɗa wa Mama? Wallahi ba na iya barci, kuma in na kalle shi sai in ji kamar ban san shi ba."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yaye miki wannan damuwa. Bari in fara da abin da zai sa ki samu ki runtsa yau: gargaɗi guda ɗaya a kan hankaɗa, ga mutumin da bai taɓa shiga hannun hukuma ba, yana da mata 'yar ƙasa da ɗa ɗan ƙasa, ba shi ne irin abin da ya saba raba mutum da iyalinsa ba. Ni abin da ya fi ɗaga min hankali a wasiƙarki ma ba takardar ba ce, shawarar abokin nan ce, don ita ce za ta iya mayar da ƙaramin ƙurji ya zama gyambo.

Kin ga abokin nan ba ƙarya ya shara gaba ɗaya ba, rabin gaskiya ya riƙe, kuma irin wannan ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari saboda tana da daɗin ji. Gaskiya ne gargaɗin 'yan sanda ba hukuncin kotu ba ne. Gaskiya ne kuma akwai wata doka ta 1974 a Ingila da Wales da aka yi don kar tsohon laifi ya bi mutum har kabari, a ƙarƙashinta gargaɗi na zalla ana ɗaukarsa ya wuce tun ranar da aka bayar, wanda aka haɗa da sharaɗi kuma bayan wata uku. Wannan yana amfani in mutum zai nemi aikin kanti ko sito ko inshorar mota. Amma tun watan Oktoba 2012 aka cire harkar shige da fice da ta neman zama ɗan ƙasa daga wannan sassaucin, ma'ana a wajen Home Office, ma'aikatar cikin gida da ke ba da biza, babu wani abu wai ya goge, suna da ikon tambaya kuma suna da ikon dubawa komai daɗewarsa. Kuma fom ɗin bai bar wata kafa ba, tambayar a fili take, ko an taɓa yanke maka hukunci, ko an taɓa ba ka gargaɗi ko jan kunne ko wani horo na wajen kotu, a Birtaniya ko a wata ƙasa, a kowane lokaci. Har laifin tuƙi suna tambaya. Toh in aka tambaye ka haka ka danna a'a, wannan ba shiru ka yi ba, ƙarya ka rubuta da hannunka.

Sannan ita takardar da kika gani a jaka kwafi ce kawai. Asalin abin yana cikin babbar kwamfutar 'yan sanda ta ƙasa da sunansa da ranar haihuwarsa, kuma wanda aka kama aka kai caji ofis galibi ana ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa, ba a kuma share irin wannan bayanin sai mutum ya kai shekara 100. Shi kuma mai neman biza ai sai ya ba da zanen yatsu, kuma Home Office na duba wannan kundin. Wato ranar da ma'aikacin zai buɗe fayil ɗin mijinki, gargaɗin na gabansa ko kun rubuta ko ba ku rubuta ba, abin da ya rage masa ya gani kawai shi ne me mijinki ya ce da aka tambaye shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi ƙanwata.

In ya ɓoye, matsalar ta tashi daga rigimar fakin ta koma yaudarar hukuma, kuma ɓoye muhimmin bayani a fom dalili ne mai zaman kansa na hana biza ko da ainihin laifin bai kai ya kawo ba. Samun izinin zama ta hanyar yaudara laifi ne a dokar shige da fice ta 1971. Ko da ma an yi sa'a ta wuce a wannan karon tsugune ba ta ƙare ba, domin bayan shekara biyu da rabi za a sake yi masa tambayar nan a neman zama na dindindin, a sake yi masa a neman fasfo, kuma a wajen fasfo suna waiwayar shekara goma baya su ga ko mutum ya taɓa yaudararsu. Sai ya zama ko ya ci gaba da maimaita ƙaryar ko ya zo yana bayanin me ya sa amsar bana ta saɓa da ta bara. Ke ma kuma akwai takardar da za ki sa wa hannu a matsayin matarsa, yanzu da kin riga kin sani ba zan so sunanki ya hau kan fom ɗin da kika san akwai ƙarya a ciki ba. Shi abokin in abu ya ɓaci iyakarsa ya ce Allah ya kyauta ya koma gidansa ya ci tuwonsa.

Toh in ya rubuta fa, me zai faru? Dokar ta raba abin gida biyu. Akwai inda hanawa dole ce, ma'aikaci ba shi da ta cewa, kamar wanda aka ɗaure wata 12 ko fiye, ko wanda ya mayar da karya doka sana'a yana yi yana ƙarawa, ko wanda laifinsa ya jawo wa wani mummunar illa. Akwai kuma inda aka bar wa ma'aikaci ya auna ya gani, gargaɗi a nan yake. Shekaru da dama masu bizar aure nasu ma'aunin daban ne a sashen da ake kira Appendix FM, inda wanda ke nema daga waje in ya samu gargaɗi cikin wata 12 kafin a yanke shawara kan neman nasa akan hana shi, mai neman zama na dindindin kuma sai ya cika wata 24 da gargaɗin, shi kuwa mai sabuntawa a cikin ƙasa ba a yanka masa wani wa'adi ba, halinsa gaba ɗaya ake dubawa. A watan Nuwamba 2025 aka tattara waɗannan sharuɗɗan wuri ɗaya aka sa masu bizar iyali a ma'auni guda da sauran masu nema, shi ya sa duk wanda zai ba ku labarin yadda tasa ta wuce a 2021 ko 2022 ku saurare shi da kunne ɗaya, lauya ne zai karanta muku rubutun dokar kamar yadda yake a ranar da za ku tura. Abin da ma'aikaci ke aunawa dai sananne ne: wane irin laifi ne, sau nawa, yaushe, an ji wa wani ciwo ko a'a, me mutum ya yi da rayuwarsa tun daga lokacin, sannan me hanawar za ta jawo wa iyali. A nan ɗanki yana da nauyi sosai, tunda a nan aka haife shi kuma ke 'yar ƙasa ce shi ma ɗan ƙasa ne, kuma wata doka ta 2009 ta wajabta wa Home Office duba maslahar yaro a duk shawarar da za ta shafe shi, ga kuma sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke kare zaman iyali. Ba zan ce miki tabbas ba don ba ni ce zan buga hatimi ba, amma in labarin yadda ya ba ki haka yake, ma'aunin ya fi rinjaya ta wajenku nesa ba kusa ba.

Na ce in labarin haka yake, kuma da gangan na faɗa. Mutumin da ya iya riƙe magana wata bakwai zai iya rage mata gishiri ranar da aka kama shi, ba don mugunta ba, haka ɗan Adam yake. Saboda haka ki ɗauko takardar nan ki karanta da idonki. Ki duba sunan laifin da aka rubuta, domin akwai tazara mai yawa tsakanin duka mafi sauƙi wanda ko hankaɗa ta shiga ciki, da wanda aka rubuta an ji wa mutum rauni a jiki, na biyun ya fi nauyi a wajen biza da wajen aiki duka. Ki duba ko gargaɗi ne zalla ko mai sharaɗi, in mai sharaɗi ne ko ya cika sharuɗɗan, kamar biyan diyya ko halartar wani kwas, don wanda bai cika ba ana iya maido da maganar kotu. Ki duba ma ko gargaɗin ne da gaske, saboda akwai wani sulhu da 'yan sanda ke yi a ƙananan rigingimu wanda bai kai gargaɗi ba kuma mutanenmu duk koshin suke ce musu. Bayan haka shi da kansa ya shiga shafin ofishin ACRO, su ne masu kula da bayanan laifuka na 'yan sanda, ya nemi a ba shi kwafin abin da ke rubuce a kansa a kwamfutar ƙasa. Kyauta ne, yakan ɗauki kamar wata guda, shi ya sa nake so a yi shi cikin satin nan ba sai an jima ba. Amfaninsa biyu ne, za ku rubuta kwanan wata da sunan laifi a fom daidai da yadda hukuma ta rubuta, ke kuma za ki gani baƙi da fari ko wannan ɗin ne kaɗai ko akwai wani. In ya yi ta noƙewa a kan neman wannan takardar, to wannan ma amsa ce.

Sai lauya. Na san kuɗi ne, kuma na san kuɗin fom ɗin kansa ya haura fam 1,300 ga kuɗin lafiya fam 1,035 duk shekara wanda na shekara biyu da rabi ya kusa fam 2,600, ga hidimar jariri. Amma ki tuna in aka hana, kuɗin lafiyar ne ake dawowa da shi, na fom ya tafi kenan, don haka zama ɗaya da wanda ya san aikinsa ba asara ba ce. Ku nemi lauya mai rajista da hukumar lauyoyi ta SRA, ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC, dukkansu ana iya duba sunan mutum a shafinsu kafin a ba shi ko kwabo. Dan Allah banda irin masu cika fom a falo da ake tura wa mutane lambarsu a guruf ɗin WhatsApp, ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba ma laifi ne a ƙasar nan. In aljihu ya yi ƙasa ku fara da Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, akwai kuma ƙungiyar Unlock da ke taimaka wa masu tarihin laifi da bayani kyauta.

Abin da lauyan zai taya ku shiryawa shi ne amsar eh a fom, da 'yar wasiƙa daga mijinki da ke bayanin abin da ya faru. A nan maza da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, sai mutum ya cika shafi uku yana cewa shi aka zalunta, ɗan sandan ma wariya ya nuna masa, shi bai yi komai ba. Ƙanwata ba a ba da gargaɗi sai mutum ya amsa laifi, sa hannun da ya yi a daren nan amsawa ce, in ya zo yanzu yana musu sai ma'aikacin ya ga mutumin da bai yi nadama ba. Gajeriya ta fi: ranar kaza abu kaza ya faru, an zage ni na fusata na hankaɗe shi, ban kyauta ba, na karɓi gargaɗi, ban taɓa yi ba kafin nan ban kuma sake ba. Zai iya faɗin zagin da aka yi masa a layi ɗaya don a san ba haka kawai ya far wa mutum ba, amma kar ya fake da shi. A haɗa da takardar haihuwar yaro da fasfonsa, da shaidar cewa kuna zaune tare, da wasiƙa daga wanda ya san shi da mutunci kamar shugabansa a wajen aiki ko limamin masallacinku, wanda ya san da maganar ba wanda za a rufe shi a sa ya rubuta yabo ba. In akwai kwas na koyon danne fushi a kusa da ku ya shiga, takardar kammalawar tana da amfani a fayil, shi kansa kuma za ta amfane shi fiye da fayil ɗin.

Wani zai ce muku ai ana iya sa a goge gargaɗin. Eh akwai hanyar, ta ACRO ɗin nan ake nema, shugaban rundunar da ta bayar ne ke yanke shawara, kuma sai da dalili mai ƙarfi kamar ba a yi masa bayanin abin da sa hannun zai jawo ba, ko bai amsa laifin a fili ba, ko yana buƙatar tafinta ba a kawo ba. Ku ba lauya labarin daren tiryan-tiryan ya gani ko akwai abin kamawa. Amma ba kasafai ake dacewa ba, yana cin lokaci, kuma ko kun shigar da wannan neman dole dai a rubuta gargaɗin a fom. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan wallahi shi ne lauyan da ya ƙi, domin lauyan caji ofis kyauta ne ga kowa a kowane lokaci, dare ko rana, ba ruwansu da irin bizarka ko albashinka. Mutanenmu da yawa haka suke faɗawa, an gaji an tsorata ana son a koma gida kafin a sani, sai a sa hannu a kan abin da zai bi mutum shekaru. Masu karatu da ke ƙasar nan ku riƙe wannan.

Kar kuma tsoro ya sa ku ja ƙafa har bizar ta ƙare wai kuna jira gargaɗin ya tsufa. In kun tura kafin ranar ƙarewa, doka ta ba shi damar ci gaba da zama da aiki a kan sharuɗɗansa na da har a yanke hukunci, in kuwa ranar ta wuce ko da kwana kaɗan ne kun buɗe wata sabuwar matsala da ta fi wannan. In ma aka yi rashin sa'a aka hana, bizar aure tana da damar ɗaukaka ƙara gaban kotun shige da fice, kwana 14 ake bayarwa ga wanda ke cikin ƙasa, kuma a can alƙali ne zai saurare ku ya ga yaron da idonsa in ta kama. Maganar zama na dindindin kuma in kin lissafa, wata bakwai da huɗu da talatin, gargaɗin zai haura shekara uku kafin lokacin, sai dai gwamnati tun takardar manufofinta kan shige da fice da ta fitar a watan Mayu 2025 take maganar ƙara tsaurara sharuɗɗan, don haka daga yau ko tikitin gudu da mota ya kiyaye.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ni shi na fi jin tsoro bayan fom, wato aikinsa. Aikin kula da tsofaffi yana cikin waɗanda ake yi wa binciken DBS mai zurfi, wato duba tarihin laifin ma'aikaci, kuma gargaɗin babban mutum yana fitowa a wannan binciken har shekara shida kafin a tace shi, wasu laifukan ma ba a tace su sam. Yawancin irin waɗannan wuraren suna rubutawa a kwantiragi cewa in ma'aikaci ya samu matsala da 'yan sanda ya sanar. Ya ɗauko kwantiraginsa ku karanta, in akwai wannan sharaɗin to ya nemi shawara ya je ya faɗa da bakinsa kafin su gani da kansu, domin manaja zai iya haƙuri da hankaɗa a wajen fakin amma da wuya ya haƙura da ɓoyewa. Kuma kin san albashinsa na cikin lissafin kuɗin shiga da za ku nuna, fam 29,000 a shekara, ko 18,600 in kun shigar da neman farko kafin 11 ga Afrilu 2024, a sabuntawa ana haɗa naki da nasa. Ki zauna ki lissafa ko naki kaɗai zai kai in wani abu ya taɓa aikinsa, gara ki sani tun yanzu.

Fasfonki da na yaronki kuwa babu abin da zai taɓa su, laifin wani ba ya hawa kan wani, ki cire wannan daga ranki.

Yanzu mu zo kan abin da ya hana ki barci na gaskiya, don na san ba Home Office ba ce. Kin ajiye masa abinci kina tausayinsa alhali yana caji ofis, ya dawo ya kalli idonki ya ce aiki ne, ya kuma kwana ya tashi da ke wata bakwai a haka, lokacin ma kina da ɗanyen goyo ɗan wata uku. Dole ki ji ciwo, kuma kar kowa ya ce miki ai ƙaramin abu ne ki manta. Amma bari in ɗan tsaya a takalminsa, ba don in wanke shi ba. Namijin da ya baro gida ya zo ƙasar da matarsa ce ta san kan komai, zamansa a hannun takardarta yake, wataƙila a gida ana ta yi masa shaguɓe cewa mace ce ta kai shi Turai, irin wannan in ya yi tuntuɓe abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ya tsaya gabanki a matsayin wanda ya jawo muku matsala. Kunya ce ta sa ya yi ƙarya ta farko, sauran wata bakwan kuma tsoron ƙaryar farkon ne. Wannan bayani ne ba uzuri ba, kuma ya kamata ya ji daga bakinki, cikin natsuwa ba cikin faɗa ba, cewa hankaɗar ba ita ta ƙona miki rai ba, rufe ki da ya yi ne, kuma abin da abokinsa ke so ya yi wa hukuma shi ne dai abin da ya yi miki, kin kuwa ga yadda ta ƙare, a ƙasan jaka kika tsinto. Ki faɗa masa ƙarara cewa za ki tsaya masa a kan wannan fom da duk ƙarfinki in an rubuta gaskiya, ba za ki sa hannu ba in ba a rubuta ba. Ba barazana ba ce, iyakarki ce kike nuna masa, kuma ina kyautata zaton zai ji sauƙi ma a ransa in aka sauke masa kayan nan.

Zan yi miki wata tambaya kuma ki amsa wa kanki tsakaninki da Allah, ba sai kin amsa min ba. Wannan zuciyar da ta ɗebe shi a wajen fakin, kin taɓa ganinta a cikin gida? Ya taɓa hankaɗe ki, ko jifa da abu, ko ya daka miki tsawar da ta sa kika ji tsoronsa? In a'a ne, alhamdulillah, ki ɗauke shi a matsayin kuskuren rana ɗaya. In kuwa eh ne to maganar ta canza gaba ɗaya, biza ta koma baya lafiyarki da ta yaro ta zo gaba, akwai layin taimako na ƙasa na matan da ake cutarwa a gida, 0808 2000 247, kyauta ne dare da rana, kuma kar tausayin takardarsa ya sa ki yi shiru.

Maganar Mama, ni dai da za ki bi tawa da kin ɗan dakata. Ba wai ki ɓoye mata har abada ba, amma kin san uwa, ke za ki yafe ki manta ita ba za ta manta ba, kuma daga Mama sai Anti wance sai guruf ɗin dangi, kafin sati labari ya isa gida an ce an ɗaure shi. Ki bari takardar ACRO ta zo ku ga lauya ku san inda kuka tsaya, sannan in za a faɗa shi ya je ya durƙusa ya faɗa mata da bakinsa, hakan zai fi ƙara masa daraja a idonta fiye da ta ji a bakinki kina kuka. Amma in nauyin ya yi miki yawa kar ki riƙe shi ke kaɗai da jariri a hannu, ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayarki ko wata aminiya ko malamar da kika yarda da ita, ki amayar mata. In kuma kin ga shi ya kafe a kan maganar abokin nan, to a nan ne za ki sako babba guda ɗaya da yake jin nauyinsa, ko ki ce ku je gaban lauyan tare da abokin ma in yana so, ya maimaita shawarar tasa a can mu ji.

Yau da daddare in yaro ya yi barci ki ɗauko takardar ku zauna ku biyu, ku karanta sunan laifin da kwanan watan tare, ya cika neman ACRO a wayarsa kina zaune a gefensa, gobe kuma ki kira ofishin lauya biyu ki ji farashinsu. In takardar ta iso ki sake rubuto min ki faɗa min abin da ke ciki. Ki shafa min kan yaron.